Tarihin Rayuwata, Kashi na 9: Salwa Ba Ta Kwanci

Assalamu alaikum. Makon jiya mun tsaya a inda murar tsuntsaye ta farkon shekarar 2015 ta share min kaji, har ƙanina ya zo daga Kano ya same ni a ƙauyenmu na ƙasar Ringim, ɗauke da kwalin taliya mai huji-huji. Salwa ce a ciki.

Inna, mahaifiyar maigidana Malam, ta leƙa kwalin ta ce, "Ke 'yar nan, waɗannan 'yan tsakin yaushe za su girma?"

Ƙanina ya ce, "Inna, ai sun gama girma ke nan. Yaya, ki dai tanadi kwanon kwasar ƙwai."

Gaskiyarsa. Wannan ba salwar dajinmu ba ce, irin ƙasar Jafan ce, wadda cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta Vom a Jihar Filato ta shigo da ita Najeriya a 1992. Sati shida zuwa takwas da ƙyanƙyasa take fara ƙwai, kuma in ta samu abinci da haske tana iya zuba sama da 250 a shekara. Abin da take ci a wuni bai wuce giram 25 ba. Ga mace irina da ke cikin gida, wannan ba ƙaramin rufin asiri ba ne, don keji ɗaya a bayan rumbu ya ɗauke su duka. Daga la'asar zuwa magariba suke yin ƙwai, sai ya zama ina idar da salla yara na rige-rigen ɗauko kwano.

Matsalar ta fito ne da na so su ƙaru. Na tara musu ƙwai a lungu, na shimfiɗa ƙaiƙayi, ko kallo bai ishe su ba. Ashe tsawon zamanin da aka yi ana kiwonta a keji ya sa ta bar kwanci. Duk mai son shiga wannan sana'a ya fara sanin wannan kafin ya sayi ko guda ɗaya, domin wanda ba shi da hanyar ƙyanƙyasa kullum a hannun masu sayar da 'yan tsaki yake.

Inna ta ce abu mai sauƙi, ai haka ake yi wa zabo. Muka sa wa wata 'yar ƙaramar kaza mai kwanci. Wasu sun fito a kwana na 17, tun kazar ba ta zata ba, tunda nata sai 21. Amma ɓawon ƙwan salwa ba shi da kauri, ta farfasa da yawa wajen juyawa, waɗanda suka fito kuma tana taka su.

Ƙauyenmu babu wuta, don haka Malam ya sayar da buhun gero aka haɗa min injin ƙyanƙyasa na katako mai fitilar kananzir. A nan na san aiki. Zafin ciki dole ya tsaya wajen digiri 37 da rabi, dare da rana. Ina juya ƙwan safe da rana da dare, har zuwa kwana na 14, daga nan sai a ƙyale su. Lokacin hunturu iska ta bushe, in ba a ajiye kwanon ruwa a ciki ba, ɗan tsako zai huda ɓawo ya manne a ciki ya mutu. Sau da yawa cikin dare nakan tashi duba lagwani, Malam ya ce, "Ki kwanta mana, ni na duba." Allah Ya saka masa da alheri.

Ranar da suka fara fitowa sai da na yi hawaye. Kowanne bai fi babban ɗan yatsa ba, amma yana bushewa zai hau gudu. Satin farko shi ne mai hatsari. Ruwan da bai kai ya jiƙa tafin hannu ba yana iya cinye su, shi ya sa nake cika farantin da tsakuwa su riƙa sha ta tsakani. Ƙasansu buhun algarara nake shimfiɗawa, don a kan leda ƙafarsu baɗewa take yi. Ga kaskon gawayi a gefe, ga abinci mai ƙarfi, masara da waken suya da ƙuliƙuli, an niƙe lukwi. A sati na uku ake gane su: namiji ƙirjinsa ja-ja, mace mai ɗigo-ɗigo.

Ganin haka Malam ya taɓa kawo min ƙwan makwarwa da ya tsinta a gona, kaza ta ƙyanƙyashe. Ba su taɓa sabawa da mu ba, fiffike na yin ƙwari suka haura danga. Ni a ganina a bar makwarwa da ƙwanta a daji.

Kafin azumi keji ya cika, ƙwai ya fi ƙarfin ƙauye. Wata safiya aka yi sallama a zaure, wai wani baƙo daga Kano yana son ya saye duk abin da nake tarawa, da sharaɗin in yarda a ce wa mutane maganin hawan jini da ciwon suga ne. Amsar da na aika masa ta bakin Malam, da rigimar da ta biyo baya tsakanina da ƙanina, sai mako mai zuwa in Allah Ya kai mu.