Ruwan da na auna da rani

Har yau in na tuna rahoton nan sai kunya ta kama ni. Ofishinmu na Abuja ya samu aikin gwajin ƙasa a wani fili a Bayelsa, inda za a kafa tankokin mai, aka ce a haɗa da haɗarin girgizar ƙasa. Ni aka tura, cikin Fabrairu.

Haƙa ta tafi lafiya. Gudumar gwajin ƙarfin ƙasa mai kilo 63.5 muka yi ta saki a kan bututu, muna ƙirga bugu nawa bututu zai sha kafin ya nutse santimita 30. Tsakanin mita 2 da 4 muka tarar da yashi sako-sako, bugu 6 ko 7. Ban damu ba, tunda na zura awo na ga ruwa yana can ƙasa da mita 4. Na rubuta cewa yashin busasshe ne, na kamo hanyar gida.

Oga ya karanta, ya cire tabarau. "Injiniya, a wane wata ka auna ruwan nan?"

"Fabrairu, ranka ya daɗe."

Bai ƙara ko uffan ba, ya turo min takardun.

Sabo da Abuja ne ya ci ni. Mu nan a kan dutse muke. Ko da ƙasa ta motsa a Mpape da ke nan Abuja a Satumbar 2018, maganar fasa dutse da rijiyoyin burtsatse aka yi ta yi. Can Bayelsa kuwa laka ce da yashi, dutsen ma ba ka isa gare shi. Yashi sako-sako in ya ƙoshi da ruwa aka jijjiga shi, sai ruwan ya karɓe nauyin daga ƙwayoyin yashin, ƙasa ta koma kunu. Haka benaye suka kishingiɗa a Niigata ta Japan a 1964. Kuma kada a ce ai girgizarmu ƙarama ce: ta yankin gas na Groningen a Holan a 2012 maki 3.6 ce kawai a ma'aunin girgizar ƙasa, amma ta tsattsage gidaje, don kusa take da sama kuma ƙasar mai laushi ce. Duk na san wannan tun a aji, abin haushin ke nan.

Cikin Agusta na koma. Ruwa bai kai mita ɗaya daga sama ba, yashin nan nawa "busasshe" yana jiƙe sharkaf. Aka sake lissafin harsashi daga farko, wata biyu suka tafi, kuɗin tafiyar kuma daga alawus ɗina aka zare.

Bututun roba mai huji da zan bari a ramin tun Fabrairu, wani ya riƙa leƙa min inda ruwa ya kai duk mako, bai kai kuɗin kwana ɗaya a otal ɗin Yenagoa ba.