Jayayyata da ƙaramar hukuma kan makarantar ɗana a Ingila

Ɗana yana da lalurar galahanga. Maganarsa kalma ɗai-ɗai ce, kuma hayaniya na rikita shi har ya toshe kunnuwa ya kwanta a ƙasa. Da lokacin shigarsa firamare ya yi, ƙaramar hukumarmu ta ce a kai shi makarantar unguwa, ajin yara 30. Ni kuwa makarantar masu buƙata ta musamman na nema masa, na kuma ƙi amincewa.

A Ingila komai ya rataya ne a kan takarda guda da ake kira EHCP, wato tsarin ilimi da lafiya da kulawa na yaro mai buƙata ta musamman, wadda dokar yara da iyali ta 2014 ta zo da ita. Doka ta ba hukuma mako 20 ta kammala ta. Sashen B yana bayyana buƙatun yaro, sashen F taimakon da za a ba shi, sashen I kuma sunan makaranta. Idon kowane mahaifi kan sashen I yake faɗawa, amma asalin rigimar tana B da F. A daftarin da aka aiko mana an rubuta cewa yaron zai samu taimakon koyon magana "a kai a kai". Sau nawa? Wa zai yi? Shiru. Irin wannan rubutu kowace makaranta za ta ce za ta iya, shi ya sa ake yin sa haka. Na tattaro rahoton mai koyar da magana da na malamar nasare, na dage a rubuta awa nawa a mako, a aji mai yara nawa, da irin horon da malamin zai kasance da shi. Da aka rubuta gaskiyar buƙatunsa, makarantar unguwar da kanta ta ce ba ta da halin ɗaukarsa.

Hukuma ba ta da ikon ƙin makarantar gwamnati da iyaye suka zaɓa sai da hujjar da doka ta lissafa: ko ba ta dace da yaron ba, ko zai hana sauran yara karatu, ko kuɗin ya wuce kima. "Babu gurbi" kaɗai ba ya cikinsu, ko da yake shi aka fara faɗa mini.

Da hukumar ta ƙi sa makarantar da na nema, sai na ɗaukaka ƙara a kotun SEND, wadda ke sauraron ƙararraki kan karatun yara masu buƙata ta musamman. Wata 2 ake bayarwa daga ranar da ke kan wasiƙar hukuma, ba a biyan ko kwabo, ba dole sai da lauya ba. Ƙungiyar agaji ta IPSEA na ba iyaye shawara kyauta kan wannan doka. Fiye da kashi 90 cikin 100 na ƙararrakin da kotun ke yanke wa hukunci iyaye ne ke samun nasara, abin da ke ƙona mini rai ke nan, domin yara na zaune a gida wata da watanni ana jiran abin da tun farko haƙƙinsu ne.

Mu Hausawa an rene mu da kawaici a gaban hukuma, kuma wasunmu a nan har yanzu ɓoye irin waɗannan yaran suke yi. Ni duk maganar da aka yi da ni a waya sai na bi ta da imel, na ce a tabbatar mini a rubuce. Kafin ranar zaman kotu hukumar ta janye, ta sa sunan makarantar da na nema a sashen I.