Godiya Bayan Jinyar Baba

Alhamdu lillahi. Sakamakon gwajin ƙarshe ya fito, kuma likita ya tabbatar mana babu sauran ƙwayar cutar da ta jawo wa Baba gyambon ciki. Na karanta takardar, na miƙa wa Yaya ya sake karanta mini da ƙarfi, don na daina yarda da idona. Ku da kuka bi mu tun daren da aka kwashe shi ranga-ranga zuwa asibiti kun san abin da aka sha, ba sai na sake tono shi ba. Godiya ce ta kawo ni yau. In kun ga rubutun yana karkacewa ku yi mini uzuri, har yanzu ban rama barci ba.

Duk wanda ya san Baba ya san shi da ciwon ciki. Shekara da shekaru ga ƙwannafi, ga kumburi, ga gyatsa, ya yi loma kaɗan ya ture kwano ya ce ya ƙoshi. Kowa ya zo da nasa bayanin. Wannan ya ce olsa ce, zama da yunwa ke kawo ta, wancan ya ce yawan tunani ne. Shi kuma ya sha maganin kwantar da ƙwannafi ya ji dama-dama, ya ɗora da diclofenac saboda gwiwoyinsa, a haka har gyambon ya fashe ya fara zubar da jini.

Godiyata ta farko ga likitan da ya leƙa cikinsa da tiyon nan mai kyamara. Matashi ne, ga layin marasa lafiya na jiransa, amma da ya ga yadda nake rawar jiki sai ya jawo kujera ya zauna. Ya ce, "Baba, ciwonka yana da dalili, kuma yana da magani." Daga bakinsa na fara jin sunan Helicobacter pylori. Ya ce ƙwayar bakteriya ce mai siffar murɗe, tana shiga ciki galibi tun mutum yana yaro, ta baki, ta hanyar ruwa ko abinci marar tsabta ko cuɗanya da 'yan gida, kuma kusan rabin mutanen duniya suna ɗauke da ita. Yawancinsu har su tsufa ba za su ji komai ba. Na tambaye shi yaya wani abu zai rayu a cikin ruwan asid ɗin tumbi. Ya ce dabara gare ta: tana kutsawa cikin yauƙin da ke lulluɓe da bangon tumbi ta ɓuya, sannan ta fitar da wani sinadari da ke samar da amoniya, ya kashe kaifin asid ɗin da ke kewaye da ita.

Bayanin da ya fi tsaya mini a rai shi ne wanda ya biyo baya. Ya ce rabin ɓarnar ma jikin mutum ne ke yi wa kansa. Idan jiki ya ji baƙuwa, sai ya turo fararen ƙwayoyin jini su yaƙe ta, su kuma makaminsu wasu sinadarai ne na oksijin masu ƙuna. Ita ƙwayar tana da abin da take warware su da shi, don haka ta tsira, bangon tumbi ya sha ƙunar. Jiki yana da nasa sinadaran kariya masu kashe wannan ƙuna, har da bitamin C da ke cikin ruwan tumbi, amma idan yaƙin ya ɗauki shekaru sai kariyar ta yi ƙasa, ɓarna ta rinjaya. Ya ce kamar ƙarfe ne da aka bari a cikin damshi, tsatsa tana cin sa a hankali ba tare da an ji ƙara ba. Daga nan kumburin bangon tumbi yake farawa, a wasu ya zama gyambo, a 'yan kaɗan kuma ya kai ga daji. Shi ya sa tun 1994 hukumar binciken ciwon daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa ta cikin abubuwan da aka tabbatar suna haddasa daji. Da na ji wannan kalma cikina ya ɗuri ruwa, ban sake samun sukuni ba sai da sakamakon gwajin ɗan naman da suka tsinko daga tumbinsa ya fito lafiya lau. Yaya ya ce to a sayo bitamin a dura wa Baba. Likitan ya yi murmushi ya ce a'a, a fara kashe ƙwayar tukuna, in ta mutu ƙunar za ta lafa.

A zaman jinya, cikin daren da barci ya ƙi zuwa, na karanta labarin likitoci biyu na ƙasar Ostireliya, Barry Marshall da Robin Warren, waɗanda suka yi renon ƙwayar a ɗakin gwaji a 1982. Manyan likitoci suka ƙi yarda cewa ita ke kawo gyambon ciki, har a 1984 Marshall ya kurɓi ruwa mai ɗauke da ita, cikinsa ya kamu. A 2005 aka ba su lambar yabo ta Nobel. Ban san su ba, ba su san ni ba, amma na sa su cikin waɗanda nake gode wa.

Maganin farko bai ci ba. Likita ya ce ana samun haka, ƙwayar ta fara jure wa clarithromycin, maganin kashe ta da aka fara ba shi, a wurare da yawa. Aka koma na biyu, magani kala huɗu na kwana 14: omeprazole, bismuth, tetracycline da metronidazole. Bakin Baba ya yi ɗaci, zuciyarsa na tashi, kullum sai an yi lallashi. A tsakiyar wannan ne na ga daren da ba zan manta ba.

Na raka shi banɗaki wajen ƙarfe biyu na dare, sai na ga bayan gidansa baƙi ƙirin. Irin abin da muka gani ke nan kafin ya faɗi a karon farko. Ƙafafuna suka ƙi ɗaukata. Na haska masa fitilar waya, harshensa ma ya yi baƙi. Na ce shi ke nan, jinin ya dawo, kuma ga ni ni kaɗai. Lambar da hannuna ya fara kaiwa gare ta ita ce ta nas ɗin da ke aikin dare lokacin da muke kwance, wadda ta rubuta mini lambarta a bayan katin Baba ranar da aka sallame mu. Ta ɗauka, muryarta cike da barci. Ba ta ce me ya sa na kira a wannan lokaci ba. Ta ce, "Ƙanwata, tsaya, ja numfashi. Yana da danƙo? Yana da warin nan na wancan karon? Yana jin jiri in ya miƙe? Ya yi amai?" Na ce a'a, a'a. Ta ce in ɗora yatsa a wuyan hannunsa in ƙirga bugun tana duba agogo. Muka ƙirga tare. Sannan ta ce, "Karanto mini sunayen magungunan." Da na kai kan bismuth sai na ji ta sauke ajiyar zuciya. Ta ce shi ke baƙanta bayan gida da harshe, kuma zai wuce in an gama shan sa, amma duk da haka da safe mu kawo shi a auna jininsa, in kuwa ya ji jiri ko ya yi amai da jini kada mu jira gari ya waye. Ashe an faɗa wa wanda ya karɓo maganin, saƙon ne bai iso gare ni ba. Ba ta kashe wayar ba sai da ta ji na daina kuka. Sista, na san ba kya son a ambace ki. Allah ya sanyaya miki yadda kika sanyaya mini, ya tsare miki iyayenki, ya raya miki zuri'a.

Yaya Babba, kai ka miƙa hannu aka ɗebi jininka ba ka ko karya ba. Matar Yaya, ke kika zana jadawalin magani a takarda kika manna a bango, kina yi wa kowace ƙwaya alama, har kwanakin suka cika ba a tsallake ko ɗaya ba. Autanmu, da ka kwana a kan benci. Goggo, da ba ki iya zuwa ba saboda ƙafa amma kullum wayarki ce ta farko da safe. Maƙwabcinmu mai mota, da ka fito cikin dare ko takalmi ba ka tsaya nema ba. Abokan Baba biyu da suka riƙa zuwa suna ja masa hira har ya manta ɗacin baki. Ma'aikacin ɗakin gwaji da ya tuna mana cewa sai an yi sati huɗu da gama maganin, an kuma dakatar da omeprazole na sati biyu, kafin gwajin ya faɗi gaskiya. Allah ya saka muku da mafificin alheri, ya biya muku buƙatunku na duniya da lahira, ya sa kada ku ga ranar da za ku nemi mataimaki ku rasa. Waɗanda ke kwance Allah ya tashi kafaɗunsu, masu jinyarsu ya ba su haƙuri da lada, abin da Baba ya sha kuma ya sa kaffara ne.

Akwai waɗanda muka sa ran gani, na jini ɗaya, da har yau ko gaisuwar waya ba mu samu ba. Baba ya tambaye su sau da yawa, ni kuma na yi ta ce masa suna nan tafe. Wataƙila uzuri ne ya riƙe su. Allah ya bar zumunci.

Masu tambayar ko za a iya zuwa dubiya, bismilla, amma da yamma, don yana barcin rana yanzu. Kuma don Allah kada a kawo masa maganin ciwon gwiwa kowane iri, likita ya hana diclofenac da ibuprofen da danginsu, ya rubuta masa wani. Saƙonnin da ban amsa ba suna nan, zan bi su ɗaya bayan ɗaya cikin satin nan in Allah ya yarda.