Taswira da Igiya: Abin da Aikin Tsara Birni Ya Koya Mini a Kano

A lokacin da nake karatun tsara birane, babu abin da ya fi burge ni kamar babbar taswira mai launuka, wadda aka ware wa gidaje launinsu, kasuwanni nasu, masana'antu nasu, aka kuma ja tituna a miƙe kamar an sa zare. A aji aka nuna mana shirin shekara ashirin da wani masanin tsara birane mai suna Trevallion ya yi wa Kano da kewayenta, wanda aka tsara domin shekarun 1963 zuwa 1983, sai na fito daga makaranta da yaƙinin cewa ciwon birnin nan shi ne rashin sabon shiri irin wannan. Shekarun da na yi ina aiki a wani ofishin tsara ƙasa, ina yawo da safiyo a gefen gari, su suka raba ni da wannan yaƙini, domin na tarar da cewa akasarin Kano ta yau ba taswira ce ta shata ta ba, igiya ce.

Duk Bakano ya san awon igiya. Manomi ne ke da gona a bakin gari, dillali ya zo masa da masu saye, a auna fili da igiya ko da taku, mai unguwa ya zama shaida, a rubuta takardar ciniki, kafin damina ta zagayo har an sa harsashi. Sassa masu yawa na Kurna, Rijiyar Lemo, Bachirawa, Ɗorayi, Sheka da Rimin Kebe ta haka suka samu. Ƙidayar 2006 ta ba ƙananan hukumomi takwas na ƙwaryar Kano mutum kusan miliyan 2.8, kuma tun daga lokacin gari bai daina cin gonakin Ungogo da Kumbotso ba. Aibin awon igiya a fili yake: tun da kowane taku kuɗi ne, babu mai son barin titi mai faɗi, balle filin makaranta, asibiti ko maƙabarta, shi ya sa ake samun lungun da motar kashe gobara ba ta iya shiga, da kwatar da ba ta da inda za ta zuba.

Da farko na ɗauki wannan a matsayin jahilci da taurin kai, har na taɓa rubuta rahoto ina ba da shawarar a rushe wasu gidaje da aka gina a kan hanyar da taswirarmu ta nuna. Ranar da muka je shafa jan fenti, wani dattijo ya kira ni ɗana, ya shimfiɗa mini tabarma a zaurensa, sannan ya tambaye ni a ina wannan hanya take a ranar da ya sayi filin, tun da bai ga turke ko alama ba, kuma babu wanda ya taɓa zuwa ya gaya wa mai gonar. Ban sami amsa ba, domin hanyar ta yi shekaru a cikin durowar ofishinmu, ba ta taɓa taka ƙasa ba. Daga baya na fahimci cewa shi ma manomin lissafi yake yi. Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta danƙa ƙasar birni a hannun gwamna, kuma idan hukuma ta karɓi gona, diyyar da doka ta tanada ta abin da ke kan ƙasar ce, wato amfanin gona, itatuwa da gini, ba ta ƙasar kanta ba. Saboda haka da zarar manomi ya ji ƙishin-ƙishin cewa hukuma za ta yanka filaye a yankinsu, maslaharsa ita ce ya riga ta, ya yanka ya sayar. Mai saye kuma, wanda sau da yawa ɗan kasuwa ne ƙarami ko leburan da ya yi shekaru yana adashi, ba shi da hali ko haƙurin bin layin neman fuloti da takardar mallaka.

Maganar cunkoso ita ce ta fi ɗaukar mini lokaci kafin in warware ta a raina. An koya mana, ba da baki ba amma ta hanyar ƙa'idojin da muka haddace, cewa unguwa mai kyau ita ce mai manyan filaye da mutane kaɗan, irin Nassarawa. Wannan tunani gadon mulkin mallaka ne, lokacin da Turawa suka keɓe wa kansu unguwa, suka ajiye baƙi a Sabon Gari, suka kuma shar'anta a bar tazarar yadi 440 babu gini tsakanin mazauninsu da na 'yan ƙasa. Idan aka ce ƙaramin fuloti na hukuma sai ya kai ƙafa 50 faɗi da ƙafa 100 tsawo, to an riga an kori mafi yawan mutanen gari daga tsarin tun kafin su nemi shiga, kuma gari zai yi ta shimfiɗuwa yana cinye gonaki, ana ƙara tsawon bututun ruwa da wayar lantarki da kwalta alhali kuɗin yin su bai ƙaru ba. Cikin badala kuwa, duk da tarin jama'arsa, mutum yana isa masallaci, makarantar allo, kasuwa da gidan 'yan uwansa da ƙafa. Abin da ke wahalar da mazauna cikin gari shi ne ƙarancin magudanar ruwa, ruwan sha da wurin zubar da shara, da kuma yadda rabon gado ke yayyanka gida ɗaya zuwa huɗu ko biyar har tsakar gida ta ɓace. Sai dai ban yarda da masu cewa bene shi kaɗai ne mafita ba, domin benen da tagarsa ke leƙa tsakar gidan maƙwabci fitina ce a wurinmu, kuma duk tsarin da bai kula da sutura ba mutane za su guje shi ko su toshe tagoginsa da bulo. Ana iya yin hawa biyu ko uku a bakin manyan tituna, shaguna a ƙasa gidajen haya a sama, matuƙar an juya tagogi zuwa titi.

Kududdufai ma na raina su a da, ina kallonsu matattarar sauro da bola. Daga cikinsu aka haƙi ƙasar da aka gina birni, kuma su ne ke riƙe ruwan sama kafin ya gangara rafin Jakara. Da aka yi ta cike su ana gini, ruwa bai fasa zuwa ba, sai dai ya nemi ɗakunan mutane. Ambaliyar da ta shiga kasuwar Kantin Kwari a daminar 2022, wadda aka yi ta ɗora alhakinta a kan gine-ginen da suka toshe hanyoyin ruwa, ta nuna cewa attajiri ma bai tsira ba.

Batun adalci kuwa ba na ƙara auna shi da yawan gidajen da aka ƙaddamar. Rukunin gidajen Kwankwasiyya, Amana da Bandirawo da aka gina tsakanin 2011 da 2015 suna da tituna da tsari mai kyau, amma da yawa daga cikin gidajen sun daɗe babu kowa a ciki, a daidai lokacin da magidanta ke cusa iyali a ɗaki ciki da falo a Kurna. Gida ba ya amfanar talaka idan farashinsa ya fi ƙarfinsa, ko kuma kuɗin adaidaita sahu zuwa wurin sana'arsa zai cinye cinikin yini. Mazaunin awon igiya kuma yana biyan wani haraji da ba a rubuta ba, domin shi ke sayen ruwa jarka-jarka a hannun 'yan garuwa, shi ke biyan kuɗin magani bayan kowace damina.

Yanzu idan aka nemi shawarata kan shirin shekara ashirin ko talatin, nakan ce a rage buri a takarda a ƙara shi a ƙasa. A je gonakin da gari zai cimma nan da shekara goma, a zauna da dagatai, masu unguwanni, manoma da dillalai, a kafa turakun siminti a kan manyan tituna da hanyoyin ruwa, a dasa itatuwa a kan iyakokin filin makaranta da maƙabarta, sannan a bar wa manomi kaso na filayen da aka yanka maimakon 'yan kuɗin diyya, domin ya zama shi ne mai gadin tsarin. Abin da ke tsakanin titunan a bar mutane su yanka daidai ƙarfinsu. Aikin ba shi da tsada idan aka kwatanta da rusau da biyan diyyar gidaje daga baya, amma yana da wuyar sayarwa ga masu mulki, domin wa'adinsu shekara huɗu ne, kuma turken siminti a tsakiyar gonar dawa ba abin da ake yanka masa kyalle a gaban 'yan jarida ba ne.