Abin da Na Koya Daga Bin Farashin Kabon

Tun da aiki ya ɗora mini bin diddigin farashin kabon a kasuwar Tarayyar Turai, abin da ya fi zauna mini a rai shi ne irin hajar da ake ciniki a kanta. Ba noma ta ake yi ba, ba haƙo ta ake yi ba. Takardar izini ce ta fitar da tan ɗaya na hayaƙin kabon, kuma hukuma ce ke yanke yawan da zai shiga kasuwa kowace shekara. Ke nan rabin farashin yana hannun masu yin doka.

Kasuwar ta buɗe a 2005. A watan Afrilun 2006 alƙaluman hayaƙin da masana'antu suka fitar da gaske suka bayyana, sai ga shi an raba takardu fiye da buƙata. Farashin da ke kusan Yuro 30 ya zube da fiye da rabi cikin 'yan kwanaki, a 2007 kuma ya kusa zama sifili, domin an raba kasuwar zango-zango ne, kuma doka ba ta yarda a ajiye takardun zangon farko zuwa na gaba ba. Rikicin tattalin arzikin 2008 ya rage aikin masana'antu, rarar takardu ta taru har kusan biliyan 2, a 2013 tan ɗaya ya faɗi ƙasa da Yuro 5.

Wurin da na fi tsayawa shi ne 2018. Rumbun da aka kafa don kwashe rarar takardu bai fara aiki ba sai Janairun 2019, amma tun a 2018 farashi ya ninka kusan sau uku. Ko takarda ɗaya rumbun bai kwashe ba tukuna. 'Yan kasuwa sun ga ƙarancin da ke tafe, suka saya tun da wuri, kamar mai tara hatsi da jin an ce damina za ta yi gardama. Shi ya sa nake karanta muhawarar Majalisar Turai kafin na duba jadawalin farashi. A Fabrairun 2023 tan ɗaya ya haura Yuro 100.

Hawa da saukar yau da gobe kuwa daga tashoshin lantarki suke zuwa. Kwal yana fitar da hayaƙi kusan ninki biyu na iskar gas a kan lantarki iri ɗaya. Idan gas ya yi tsada, tashoshi sai su koma kwal, buƙatar takardu ta tashi. Haka ma mako guda na tsananin sanyi a Jamus, iska ta tsaya cik, fankokin da ke samar da lantarki daga iska sun daina juyawa, dole a ƙara ƙona kwal da gas: kafin masana su gama rubuta sharhi, farashin ya riga ya motsa. Da safe hasashen yanayi da farashin gas nake fara buɗewa, labarin kamfanoni ya biyo baya.