Wasiƙa daga Jamus: Holunda, bishiyar da ake cire wa hula

Assalamu alaikum 'yan'uwa na gida. Ina gaisuwa, da fatan kowa yana lafiya.

Kwalaben ruwan wani ɗan itace baƙi mai suna elda sun fara shiga hannun mutane ta intanet da tsarabar matafiya, shi ya sa na ga ya dace in yi muku bayaninsa daga inda yake tsirowa. Jamusawa suna kiran bishiyar holunda, masana tsirrai kuma Sambucus nigra. Bishiyar ƙasashen sanyi ce, tana fitowa a bakin gona da jikin shinge. Tsofaffin Jamusawa suna cewa in ka wuce ta gabanta ka cire hula, saboda yawan amfaninta.

Furen shi ne magani mai sauƙi. Yana buɗewa daga ƙarshen Mayu zuwa Yuni, fari tas, a baje kamar faifai. Ana tsinkarsa da hantsi bayan raɓa ta bushe, a karkaɗe ƙwari, a shanya a inuwa inda iska ke ratsawa. Wanda ya tara shi tuli ko ya shanya a rana, furen zai koma ruwan ƙasa, ƙamshin ya gudu. Gram 2 zuwa 5 na busasshen fure ake zuba wa tafasasshen ruwa mililita 150, a rufe minti 5 zuwa 10, a tace, a sha da zafinsa sau uku a rana. Aikinsa sa gumi a farkon mura. Hukumar magunguna ta Tarayyar Turai ta amince da shi a wannan matsayi kaɗai, bisa daɗewar amfani da shi, kuma ba ta ba da shawarar a bai wa yara 'yan ƙasa da shekara 12 ko masu ciki ko masu shayarwa ba.

Inda ake samun matsala shi ne 'ya'yan. Suna nuna daga Agusta zuwa Satumba, baƙaƙe wuluk, ƙanana kamar ƙwayar masoro ko sun ɗan fi. Ganye da ɓawo da ɗanyun 'ya'ya da ƙwayar cikinsu suna ɗauke da sinadarin sambunigirin, wanda ke sakin gubar sayanaid. Duk wanda ya san abin da rogo mai ɗaci ke yi idan ba a jiƙa shi ba, ya fahimci zancen, don dangin guba ɗaya ne. A 1983, a jihar Kalifoniya ta Amurka, an ɗauki mutum takwas a jirgi mai saukar ungulu zuwa asibiti bayan sun sha ruwan ɗanyun 'ya'yan da aka matse haɗe da ganye da rassa. Amai, ciwon ciki da jiri suka kama su.

Wuta ce ke kashe wannan lahani. A tsefe 'ya'yan da cokali mai yatsu, a zubar da tsanwa da duk wani guntun kara. Kilo ɗaya a zuba masa rabin lita na ruwa, ya tafasa minti 20 cur, tukunya a buɗe. A tace da ƙyalle ba tare da murƙushe ƙwayoyin ba, a sa sukari kamar rabin kilo a kowace lita, a sake tafasawa, a ɗura a wankakkiyar kwalba da zafinsa. Idan sukari ya yi kaɗan ko kwalbar ba ta da tsabta, sai ya yi fumfuna ko ya yi tsami. Ruwan yana rina kaya, kada a sa farar riga wajen aikin. A arewacin Jamus har miya mai zaƙi suke yi da shi da tuffa lokacin hunturu.

Akwai kuma wata 'yar'uwar holunda mai guba, Sambucus ebulus, da ke ruɗin sababbin zuwa. Ita ba ta da itace, ciyawa ce doguwa mai wari, 'ya'yanta suna kallon sama. Na holundar gaske rataye suke suna kallon ƙasa.

Game da kwalaben da ake tallatawa, ƙananan bincike sun nuna ruwan yana iya rage kwanakin mura, amma hujjar ba ta yi ƙarfi ba. Ba ya taɓa ƙwayar zazzaɓin cizon sauro ko ta taifot. Yaron da jikinsa ya yi zafi a Kano ko Maraɗi, gwajin jini yake buƙata a ranar. Masu ciwon suga kuma su duba jikin kwalbar, don yawancinsu sukari ne fal a ciki.

A gaida mutanen gida.