Auna motsin ƙasa daga nisan kilomita 700

Na daɗe ina ganin hotunan nan masu zobba kala-kala da masana ke fitarwa kwana biyu ko uku bayan kowace babbar girgizar ƙasa, kuma na daɗe ina yi musu kallon ado, har sai da na zauna na bi diddigin yadda ake samar da su. Ashe kowane zobe a cikinsu awo ne, kuma na'urar da ta yi awon tana shawagi ne kusan kilomita 700 sama da doron ƙasa, amma duk da wannan nisa tana iya shaida cewa wata unguwa ta lotsa da santimita ɗaya ko biyu. Ana kiran dabarar InSAR, kuma ginshiƙinta shi ne gwama hotunan rada guda biyu na wuri ɗaya, waɗanda aka ɗauka a lokuta daban-daban, domin a fitar da bambancin da ke tsakaninsu.

Rada ba ta jiran hasken rana kamar kyamara. Ita ce ke harba igiyarta zuwa ƙasa, sannan ta saurari abin da ya dawo, shi ya sa dare bai hana ta aiki ba, gajimare ma bai tare mata hanya ba. Mai sauraron rediyo ya san zancen gajeren zango da matsakaicin zango; to, igiyar taurarin ɗan'adam na Sentinel-1 na Turai zangonta bai wuce santimita 5.6 ba. Idan igiyar ta dawo, tauraron yana rubuta ƙarfinta, yana kuma rubuta gaɓar da ta kai a cikin juyinta a daidai lokacin da ta iso. Bayan kwana 12 sai ya sake bi ta kusan hanyar da ya bi a baya, ya maimaita. In ƙasa ba ta motsa ba, gaɓar za ta zo daidai da ta farko. In kuwa ta tashi ko ta nutse, tafiyar igiyar ta ragu ko ta ƙaru ke nan, sai gaɓar ta goce, kuma wannan gocewar ce ake zanawa da launuka ta fito a matsayin zobba. Da yake igiyar zuwa take yi ta dawo, cikakken zobe ɗaya a hoton yana nufin motsin rabin zango, wato kimanin santimita 2.8. Kafin a kai ga wannan, dole a cire abin da tuddai da kwaruruka suka ƙara wa lissafin, kuma a nan ne taswirar tsayin ƙasa take shigowa, irin wadda kumbon Endeavour ya tattara cikin kwana 11 a watan Fabrairun 2000.

Hoton da ya sa duniya ta waiwayi dabarar shi ne na girgizar ƙasar Landers a jihar Kalifoniya ta Amurka, mai ƙarfin maki 7.3, wadda ta auku ranar 28 ga Yunin 1992. Didier Massonnet da abokan aikinsa a Faransa suka haɗa hotunan tauraron ERS-1 na kafin girgizar da na bayanta, suka wallafa sakamakon a mujallar Nature a 1993. Kafin haka, mai son sanin yadda ƙasa ta goce sai ya dogara da 'yan wuraren da aka kafa alamun awo. Yanzu ga fili guda a shimfiɗe, ana ƙirga zobba kamar yadda ake ƙirga layukan taswira. Amma misalin da ya fi tsaya mini a rai shi ne na Bam a ƙasar Iran, inda girgizar ranar 26 ga Disambar 2003 ta kashe fiye da mutum 26,000. Akwai wani sanannen tsagin ƙasa kusa da garin, kuma a kansa zato ya fara sauka. Hotunan tauraron Envisat suka nuna cewa babban motsin ya faru ne a wani tsagin daban, wanda ya nufo garin ta kudu, wanda kuma babu shi a taswira domin bai bar wata alama a fili ba.

Haka abin yake ga duwatsu masu aman wuta, domin narkakken dutse idan yana taruwa a ƙarƙashi sai ƙasa ta kumbura, idan ya janye ta saɓe. A watan Satumban 2005, a yankin Afar na Habasha, narkakken dutse ya kutsa cikin wata ɓaraka mai tsawon kusan kilomita 60, ya buɗa ƙasa har mita 8 a wasu wurare cikin 'yan makonni. Yanki ne mai ƙarancin na'urorin awo, saboda haka yawancin abin da aka sani game da girman lamarin daga sama aka samo shi.

Duk da haka, a ganina, ba a waɗannan manyan aukuwa ne dabarar ta fi amfani ba. Girgizar ƙasa ba ta ɓuya, kowa ya ji ta. Abin da ke ɓuya shi ne motsin da ke tafiya sannu a hankali, wanda mazauna wuri ba sa lura da shi sai bango ya tsage ko bututu ya fashe. Birnin Meziko yana zaune ne a kan yumɓun tsohon tafki, kuma saboda yawan zuƙo ruwan ƙarƙashin ƙasa wasu sassansa suna nutsewa da fiye da santimita 30 a shekara. Arewacin Jakarta da kewayen Tehran suna fama da irin wannan ciwo. Abin takaicin shi ne yumɓu in ya danne ba ya komawa yadda yake ko da ruwan ya dawo. Don bin irin wannan motsi, hoto biyu ba sa isa. Alessandro Ferretti da Claudio Prati da Fabio Rocca na jami'ar fasaha ta Milan suka fito da hanya a wajajen 2000: a tara hotuna masu yawa na shekaru, a zaɓi abubuwan da ba sa sauya kama a idon rada, kamar kusurwar gini da turakun ƙarfe da fallen dutse, a bi tarihin kowanne. Da wannan ake kai wa ga awon 'yan milimita a shekara.

Sai dai ya kamata a san iyakar abin. Tauraron yana auna kusantowa ko nisantar ƙasa ne a kan layin da yake kallo, wanda a karkace yake, don haka sai an haɗa hotunan da ya ɗauka yana hawa arewa da waɗanda ya ɗauka yana gangarowa kudu kafin a raba motsin sama da ƙasa da na gabas da yamma. Motsin kudu da arewa kuwa da ƙyar yake ganinsa. Laimar da ke cikin iska tana jinkirta igiyar, har ta zana zobba na ƙarya da za su kai santimita da dama, kuma wanda bai ƙware ba zai iya ɗaukar hadari a matsayin kumburin dutse. Daji mai duhu da gonaki da ƙanƙara suna sauya kama tsakanin zuwa da zuwa, sai hoton ya dagule. Ga shi kuma awon na kwatance ne, ana auna wuri ne da wani wurin da aka ɗauka bai motsa ba, shi ya sa ake ɗaure shi da tashoshin GPS na ƙasa.

Akwai wani abu da nake ganin ana yawan rufa shi idan ana yabon dabarar. Ba ta faɗin ranar da girgizar ƙasa za ta zo; iyakarta ta nuna inda matsi ke taruwa a kan tsagi. Ko a zaftarewar ƙasa da ɓallewar madatsu, inda sau da yawa motsi kan ƙaru kafin a rushe, mafi shaharar misalan a bayan aukuwa aka karanta su. Bayan dutse ya zaftaro ya binne ƙauyen Xinmo a lardin Sichuan na ƙasar Sin ranar 24 ga Yunin 2017, masu bincike sun koma rumbun hotunan Sentinel-1 suka ga gangaren ya ƙara sauri a makonnin ƙarshe. Haka wasu suka gano a madatsar dagwalon ma'adinai ta Brumadinho a Brazil, wadda ta ɓalle ranar 25 ga Janairun 2019 ta kashe mutum 270. Shaidar tana ajiye, amma ganin alama a gangare ɗaya da ka riga ka san ya faɗi ya sha bamban da tsamo shi tun da wuri daga cikin dubban gangara masu rarrafe waɗanda ba za su taɓa faɗuwa ba.

Hotunan Sentinel-1 kyauta ne ga kowa tun bayan harba na farko a 2014, ko da yake lalacewar Sentinel-1B a Disambar 2021 ta mayar da tazarar kwana 6 zuwa 12 har aka harba Sentinel-1C a Disambar 2024. Tauraron NISAR, na haɗin gwiwar Amurka da Indiya, ya tashi a Yulin 2025 ɗauke da rada mai zangon kusan santimita 24, wadda ke ratsa ganyen itatuwa ta taɓo ƙasa, kuma shi nake sa wa ido saboda gangaren da ke ƙarƙashin dazuzzuka, inda gajeren zango ya daɗe yana gazawa.